Waƙar Shanya Tana Jiran Sa Hannun Mama

Ni na ɗora waƙoƙin Baba a intanet, don haka wayata saƙon ya shigo. Wai hukumar da ke kula da yaɗa waƙoƙi ta fito da sabuwar doka: kowace waƙa sai an yi mata rajista, a rubuta wanda ya tsara baitukan, kuma duk wanda aka ji muryarsa a ciki ya sa hannu. In Juma'a ta wuce ba a yi ba, a sauke waƙar.

Baba ya bar waƙa tun ina firamare. Ni da rawar kaina na jawo tsofaffin kaset ɗinsa daga ƙarƙashin gado na ɗora. Sha ɗaya daga ciki ba mai saurare sai mu. Amma ta sha biyun, wadda muke kira waƙar shanya, sai ga gidajen rediyon intanet sun yi caa a kanta. Tun daga nan tafiyar Baba ta canza, har gemu ya koma gyarawa. Wallahi daɗi nake ji in na gan shi haka.

Da kansa ya cike fom ɗin. Mawaƙi, shi. Mai kiɗa, shi. Mai tsara baiti, shi.

"Haka ake yi a sana'armu," in ji shi. "Sunan shugaba ake sawa."

A ofishin hukumar, ma'aikaciyar ta kunna waƙar, ta karkata kai.

"Baba, wace ce ke amshi a nan?"

"Ai matata ce. A ɗaki muka ɗauka, tana ninke kaya."

"To, sai ta sa hannu."

Da muka koma gida muka tarar da Mama a kan keken ɗinki. Baba ya miƙa mata biro yana nuna wurin da yatsa. Ina! Mama ba ta sa hannu a abin da ba ta karanta ba. Ta ɗauko tabarau ta bi layi-layi, sai ta tsaya.

"Malam, wa ya tsara baitukan?"

Baba ya yi tari, ya kalli fanka.

Ta juyo gare ni. "Ke kina goye a bayana na yi waƙar nan, ina shanya kayanki. Ta taga ya ji. Shekara talatin ban ce uffan ba, don ba wanda ya tambaya. Yau kuwa takarda ta tambaya."

Ta ajiye biron, ta ci gaba da taka kekenta. Ba faɗa, ba fushi, da yamma ma ita ta haɗa masa shayi.

Kwana biyu Baba na zagaye takardar nan a kan tebur. Ni kuwa hankalina ya tashi, don na san in aka sauke waƙar, tafiyarsa ta da za ta dawo. Ran Alhamis da hantsi ya zauna, ya ja layi a kan sunansa a wurin mai tsara baiti, ya rubuta nata cikakke har da na mahaifinta. Ya kai mata da hannu biyu.

"Ga shi, ranki ya daɗe."

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta sa hannu.

Bayan sati guda muna tsakar gida, Mama na shanya, wayata na kan kujera, rediyon intanet na kunne, sai aka zo kan waƙar. Mai gabatarwa ta faɗi wanda ya rera, sannan ta faɗi wadda ta tsara. Mama ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, idonta ya ciko.

"Ƙara sautin," ta ce.

Da aka zo baiti na uku ta girgiza kai, ta kalli Baba. "Ka ji ko? Nan ma ba haka na yi shi ba."

Baba ya jawo kujera ya zauna. "To rera min daidai, in koya."