Motar Ƙwai Tana Jan Hagu

A gonar kaji Sannu-Sannu ake ce masa, don tun da ya fara jan motar ƙwai ba a taɓa jin ya fasa ko guda ba. Shi kuwa ya riƙe sunan da hannu bibbiyu. Mai gonar ya sha faɗa a gaban ma'aikata cewa ranar da tsohon direbansa ya fara fasa kaya, ranar zai nemo matashi. Da wasa yake faɗa, kowa ya dara, amma Sannu-Sannu dariyarsa iyakarta haƙori.

Kwatsam sai motar ta soma jan hagu. Ya ɗora ta a kan layi, kafin ya ankara ta zame. Ya kai ta garejin ƙanin matarsa, wanda duk gidansu ke kira Auta ko da yake furfura ta fara cin gemunsa. Aikinsa ke nan, saita tayoyin mota su miƙe, abin da direbobi ke ce wa alaimen. Auta ya gyara. Ba a yi mako ba sai ga motar ta dawo.

"Yaya, kai da motarka dai kun ƙi tsufa da mutunci," in ji Auta yana goge hannu da tsumma. "Me kuma ta yi?"

"Aikinka ne na banza. Har yanzu tana ja."

Auta bai yi musu ba. Ya hau da ita kan rami, tayoyin gaba suka zauna a kan farantan ƙarfe masu juyawa. Ya maƙala ma'auni a kowace taya, ya duba iska, ya sauka ramin ya girgiza ƙarafan sitiyari ɗaya bayan ɗaya. Allon na'urar ya nuna kore daga sama har ƙasa. Ya leƙa tayoyin, ko'ina cinsu daidai, ba gefen da ya fi wani suɗewa.

Sannu-Sannu yana kan benci yana kallo, hannunsa na hagu a cikin aljihu. Tsoro yake ji, tsoro sosai, kuma ya san dalili. Kwanan nan maɓallin riga ya fara gagarar yatsunsa. Shekaranjiya kofin shayi ya suɓuce masa, ya ɗora wa zafi laifi, matarsa ta share wurin. Jiki magayi ne, amma mutum in ya so sai ya toshe kunne. Ya fi masa sauƙi a ce mota ce, don mota ana kwance ta a ɗaure.

"Lafiyarta ƙalau," in ji Auta. "Amma mu je mu gwada. Kai za ka ja."

Suka hau miƙaƙƙen titin da ke bayan garejin, kiret-kiret na ƙwai a jere a baya. Auta bai kalli titi ba, hannun yayansa yake kallo. Na dama yana riƙe gam. Na hagu kuwa ya rataya kawai a jikin sitiyarin, yana sulalewa ƙasa a hankali, yana jan sa da nauyinsa. Motar ta bi shi. Sannu-Sannu ya fizgo ta da dama, kiretocin suka yi ƙara a baya.

Da suka dawo gareji babu wanda ya fita. Injin yana ta huci.

"Auta," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "karkatar min da ita dama kaɗan. Kaɗan kawai. In ta ja dama, ni na ja hagu, ka ga mun daidaita. Ba wanda zai sani."

"Zan iya, Yaya. Juya sifana ne kawai. To in na karkatar yau, gobe hannun ya ƙara nauyi fa? In ƙara? Ranar da ya saki gaba ɗaya, kan wa za ta faɗa?"

"Ba hannuna ba ne."

"To."

Wannan "to" ɗin ta fi zagi ciwo. Sannu-Sannu ya fita a fusace, ya buɗe bayan motar, ya zaro ƙwai guda da hannun hagu, ya ɗaga shi saitin fuskar Auta.

"Duba nan. Wannan ne hannun da kake wa ƙazafi?"

Ya riƙe. Ya cije leɓe, ya tattara duk ƙarfinsa a kan yatsun, yana roƙonsu a zuci kamar mai roƙon maƙwabci arziki. Yatsun suka buɗe da kansu, a hankali, yana kallo. Ƙwan ya faɗi a kan siminti, kwanduwar ta malale cikin baƙin mai.

Ya daɗe yana kallonta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba ƙwan ne ya sa idonsa ya kawo ruwa ba. Tunawa ya yi da mai gona, da dariyar ma'aikata, da safiyar gobe da ba shi da inda za shi.

"Kada ka gaya wa yayarka," ya ce.

"Ba zan gaya mata ba. Amma ba za ka ja motar nan ba. Zan kai ka gida ka sake riga mu je asibiti, kayan kuma ni zan sauke."

Sannu-Sannu ya miƙa makulli da hannun dama. Ya zagaya ya zauna a kujerar da yake ajiye ruwan sha da hularsa. Daga nan titin ma daban yake, kamar ba shi ne wanda ya sani ba. A hanya Auta ya ɗan sassauta riƙon sitiyari don ya gyara madubi, motar ta tafi sambal, ba ta waiwayi hagu ba. Sannu-Sannu ya gani. Ya so a ce ta ja ko da kaɗan ne.

Matarsa tana shanya a ƙofar gida lokacin da suka tsaya. Ta san ƙarar motar, ta ɗago da murmushi tana duban ƙofar direba, inda ya saba fitowa. Ƙaninta ne ya fito. Can ɗaya ƙofar ta buɗe, mijinta ya sauko, hannu a aljihu.

Ta ajiye rigar da ke hannunta, ta zo ta tsaya a gefensa na hagu.