Murhun da Ya Rasa Iska

Ran da 'yata Claudette ta zo, murhun ɗumama ɗakinmu ya kwana biyu yana gurnani kamar an shaƙe maraƙi, ga wani fito siriri ta bayansa. Wutar da ya kamata ta miƙe fara tana rawa, sai ta kwanta ja, gilashin ƙofar ya yi baƙi ƙirin. Ƙwayoyin katakon da yake ci suna ta zubowa suna taruwa, rabi a ƙone rabi ɗanye.

Mijina Ludger yana kan kujera cikin bargo biyu, satinsa ɗaya da fitowa asibiti da ciwon huhu.

Claudette ko rigar sanyi ba ta cire ba. "Mama, ƙarfe uku dusar ƙanƙara za ta rufe hanya. In abin nan bai gyaru kafin biyu ba, Baba motata zai shiga."

Na san motar nan. Ta riga ta duba masa ɗaki a gidan tsofaffi a garin Bangor, tana zaton ban ji ba. Wanda ya tafi can a Janairu ba ya dawowa.

"Ku bar ni a kujerata," in ji Ludger. "Ta saba da ni."

"Yi shiru, tsoho, ajiye numfashinka," na ce.

Wendell, mijin Claudette, shi ya kafa mana murhun da bazara, ya durƙusa. Ya zare wayar lantarkin murhun, ya tsokane hujojin kaskon wutar da ƙusa ɗaya bayan ɗaya, ya zuƙe toka, ya kwance fankar ya goge. Ya maƙala takarda a ƙofar ya ja, ta ƙi fita, ƙofa lafiya ke nan. Ya kunna. Gurnanin ya dawo, wutar ta sake kwanciya. Na ji ƙaurin hayaƙi. Ludger ya fara tari, irin wanda ba ya tsayawa.

Ɗaya da rabi. Claudette ta shiga ɗaki, na ji tana buɗe akwati.

"Ba ya samun iska," in ji Wendell, yana sosa ƙeya. "Ciki tas yake. Sai dai ko bututun da ke jawo iska daga waje."

Nan take na tuna da rassan da na jera.

Kowace Nuwamba muna jera ɗanyun rassan itacen fir a gindin gida, zagaye, da leda a ƙarƙashi, don ƙanƙara ta kwanta a kai ta tare sanyi. Haka uwata ta yi, haka kowa a hanyarmu yake yi. Aikin Ludger ne shekara hamsin. Bana yana kwance, ni na yi, na kuma yi shi da kyau, ban bar ko kafa ba. Tsohon murhunmu na itace ba shi da wani bututu a gindin bango.

Na sa takalma na fita. Wendell ya biyo ni da shebur zuwa bangon arewa. Ƙanƙarar shekaranjiya ta danne rassan ta daskare. Ya sara, ni ina ja da hannu. Sai ga bakin bututun, leda ta manne masa, tana kaɗawa tana fito.

Ya dube ni. "Mama, wa ya jera rassan nan?"

"Hannun nan."

"In Claudette ta ji, ba Baba kaɗai za ta sa a mota ba."

"Na sani. Cire ledar."

Kafin mu kaɗe takalma a bakin ƙofa, gurnanin ya tsaya. Wutar ta miƙe tsaye, fara, tana lasar sama. Claudette ta fito da akwatin ubanta a hannu.

"Mene ne?"

"Ƙanƙara ce ta toshe shi," in ji Wendell. "Laifina ne, na kafa bututun ƙasa-ƙasa. Zan ɗaga shi."

Ta dube shi, ta dubi hannun rigata, ganyen fir duk ya maƙale. Ta daɗe tana kallo. Tarin Ludger ya lafa.

"Biyu saura kwata," in ji Ludger. "Ajiye mini kayana, yarinya."

Ta ajiye. "Lahadi zan dawo. In na sake jin hayaƙi, ba shawara."

Na tsaya a taga har motarsu ta sha kwana. Shekara ashirin ban taɓa ba Wendell kujera mai kyau a teburina ba. Yanzu yana bina abin da ban san da me zan biya ba.