Mai Gasa Dankali Bai Fito Ba

Hajiya Rekiya 'yar Fagge ce, irin matan nan da ko a jirgi aka haɗu da su, kafin a sauka sun san wanda ya saki matarsa da dalilin sakin. Amma ranar da ƙawarta Zulaiha ta rasu a wani asibitin Guangzhou ta ƙasar Sin, bakinta ya mutu murus. Ko hawaye bai zo ba. Ta dai shiga kasuwar Liuhua ta sa aka yanko mata farin yadi.

Tare suka zo sarin takalma, ɗaki ɗaya suke kwana. Da ciwo ya yi tsanani, Zulaiha ta riƙe hannunta ta ce, "Yaya, kada ki bari baƙin hannu ya wanke ni." Rekiya ta ce to.

Alhaji Isufu, wani Bamaraɗe da ya daɗe a garin, shi ya bi gawar zuwa masallacin da za a yi sutura. Ya bugo waya masaukinta.

"Hajiya, bayan Azahar za a rufe ta, limamin nan ba ya jira. Ki hau bas mai koren layi a gaban tashar jirgin ƙasa. Rabu da rubutunsu, wa ya iya shi? Ki zuba ido kawai. Akwai wata gada, ƙarƙashinta wani tsoho yana gasa dankali a ganga. Nan za ki sauka. Tun da na zo garin nan bai taɓa fashi ba."

Kwatance dai irin namu, ba shi da aibu.

Ta hau. Babu kwandasta, balle mai kiran sunan unguwa, sai wani akwati bakin ƙofa da kowa ke jefa kuɗinsa ya wuce. Ta zauna jikin taga da yadin a cinya. Ruwa ake yi tun safe. Ga gada, babu ganga. Ga wata, babu. Ashe garin duk gadoji ne, wata kan wata, wasu ma ba a gama su ba. Masu kekuna na wucewa cikin rigunan leda. Wata yarinya ta shafa bakin mayafinta tana dariya, uwar ta janye ta. Rekiya tana kallo kamar da idon wani.

Mutane suka yi ta raguwa har ya zama saura ita kaɗai. Direba ya kashe mota a wani fili, ya yi mata nuni da ƙofa. Ta zana masa ganga da hannu, ta hura yatsu kamar mai cin abu da zafi. Ya girgiza kai.

"Meyo," in ji shi. Babu. Wannan kam ta sani daga kasuwa.

Ta tsallaka ta hau mai komawa. Ruwa ya ɗauke. A ƙarƙashin wata gada da ta wuce ɗazu ba ta ko waiga ba, ta hango Alhaji Isufu tsaye. Ta buga jikin motar tana cewa akwai sauka, direba bai ko kula ba sai da ya kai matsayarsa. Ta dawo da ƙafa.

Jar lakar maƙabarta ce a ƙafar wandonsa har gwiwa.

"Matan masallacin suka yi mata wanka, Hajiya," ya ce. "Musulmi ne, tsofaffi. Sun kyauta wallahi. Sai haƙuri."

"To."

"Na tsaya nan har na gaji."

"To."

Sai ga tsohon ya ɓullo yana turo gangarsa, ya kafa ta daidai inda aka ce, ya hau hura wuta.

"Kin gan shi ko," Alhaji Isufu ya ce a hankali. "Ruwa ne ya hana shi."

Rekiya ta tsaya har dankalin ya gasu. Ta sayi ɗaya. Da ya ƙona mata hannu, ta naɗe shi da gefen farin yadin, ta tsaya jiran bas.