Moɗar da Matar Fasto ta Wanke

Yaya Winifred, ajiye jakar nan ki zauna. Karɓi Tobias ki riƙe min, haƙorinsa na biyu ya fito, kar ki sa masa yatsa a baki. Labari ne da ni tun ranar Talata yake cin raina, ke kina can masaƙa a Leeds, ba wanda zan faɗa wa.

Dolly ta haihu, saniyar nan tilo da Baba ya ba ni ranar aurena. Mace ta haifa, ja, da ɗan fari a goshi. Mijina Enoch har rawa ya taka a ɗakin shanu, don in maraƙar nan ta girma mun zama masu shanu biyu ke nan.

To kin san yadda ake yi. Maraƙa ta sha ta ƙoshi, na tatse sauran dakashin, nonon farkon nan, rawaya, da kauri kamar kunu. Bistin ɗin nan dai da Kaka take gasa mana da sukari. Na zuba a moɗa huɗu na bi maƙwabta. Uku suka dawo yadda ya kamata, ba a wanke ba, dakashin ya bushe a gindi. Waye a ƙauyen nan bai san ba a wanke moɗar bistin ba? In ka wanke, sa'ar maraƙin ka wanke.

Ta huɗun gidan sabon fasto na kai. Matarsa, Lavinia, 'yar Landan ce. Ran Laraba sai ga moɗata a bakin ƙofa tana ƙyalli, tana ƙamshin sabulu, har da fure an soka a ciki. Fure fa, Yaya. Na tsaya ina kallo.

Alhamis da safe maraƙa ta kama zawo. Ta kwanta a ciyawa, kunnuwa sun langaɓe, ido ya faɗa, uwar tana lasarta tana kuka. Enoch ya ce, “Hester, bar zancen moɗa, sanyi ne ya buge ta.”

Na ce, “Sanyin ne ya kawo fure?”

Na tatsi ɗan abin da ya rage a hantsar Dolly, ya fara tsinkewa ma, na zuba a moɗar, na saɓi Tobias, ban ko sake riga ba. Na buga ƙofar gidan fasto da ƙafa don hannuwana a cike suke. Ta buɗe tana murmushi.

“A'a, Maman Tobias, shigo mana. Kin ga moɗarki?”

“Na gani, Uwargida. Me maraƙata ta yi miki?”

Na zayyana mata komai a tsaye. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin kalmar bistin ba, kuma a gidansu rashin tarbiyya ne ka mayar da kwanon mutum da datti.

Na ce, “To ya kika ji daɗinsa da kika gasa?”

Ta sunkuyar da kai. “Gaskiya na ɗauka madarar ce ta lalace. Na ga ta yi rawaya. Na zubar a rariya.”

Yaya, ba don yaro a hannuna ba, da ban san abin da zan yi ba. Nonon farko na saniyata ta farko, a rariya. Na ce mata, “Duk littattafan nan da ke bangonku, ba wanda ya gaya miki saniya ba famfo ba ce? Ungo. Ki gasa yanzu, ki ci a gabana, ki ɗauko moɗar da dattinta da hannunki ki kai ɗakin shanuna.”

Fasto ya leƙo daga ɗakin karatunsa yana gyara tabarau, wai, “'Yata, wannan ai camfi ne.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ranar Lahadi taka ce. Yau Alhamis.” Ya mayar da kansa ciki.

Ta gasa. Ni na nuna mata yawan sukarin, don ko wannan ba ta sani ba. Ta ci cokali ɗaya tana yatsina, ta ci na biyu, sai ga shi ta kankare kwanon tas. Ta ɗauko moɗar ta biyo ni cikin taɓo da takalminta na zuwa coci.

Da ta ga maraƙar sai fuskarta ta sauya. Ta durƙusa a kashin shanu, ta ja fatar wuyan maraƙar, ta leƙa bakin. Ashe ta yi aikin jinya a asibitin yara. Ta ce, “Ruwan jikinta ne ya ƙare. Tafasa min ruwa, ki kawo gishiri da sukari da kwalba.” Haka take ba ni umarni a ɗakin shanuna, ni kuwa na yi, don ba lokacin gardama. Tun hantsi har rana ta yi sanyi tana ɗura mata kaɗan-kaɗan, rigarta ta ɓaci har gwiwa.

Juma'a da sassafe na shiga da bokiti, na tarar da maraƙa a tsaye, ƙafafu na rawa, tana dukan hantsar uwar da kai tana tsotso. Na zauna a kan bokitin na yi ta kuka.

Enoch yana ta yawo a ƙauye yana cewa ruwan gishirin matar fasto ne. Ni na ce moɗar ce, kuma ban yafe zancen rariya ba. Jiya ya ce a sa wa maraƙar sunan Lavinia don godiya. Da farko na ƙi, daga baya na yarda. Ɗazu maraƙar ta tura kai cikin bokitina ta kifar da madara, na ce, “Lavinia, ke dai ba ki da hankali,” da ƙarfi, har ana ji daga kan hanya. Taso ki gan ta, amma cire takalman nan naki tukuna.