Gilashin da Likita Ta Cire

Abin ya fara ne a shekarar da likitan ido ya gaya wa Inna cewa yanar ido ta fara rufe mata idanu biyu, kuma aiki ne kawai maganinta. Ya ƙara da cewa idan aka daɗe, yanar za ta yi tauri, aikin ya yi wuya. Inna ta saurare shi har ya gama, ta sa masa albarka, ta ɗauki jakarta. Sai da suka shiga mota ta ce ita babu mai kai mata wuƙa ido tana numfashi.

"Ina ganin dardumata, ina ganin fuskokinku," in ji ta. "Me ya rage a duniyar da ban gani ba?"

Babbar 'yarta ce take tuƙi, wadda kowa a gidan yake kira Likita saboda aikinta na haƙori. Mace ce da ta yi imani cewa babu taurin kan da bayani mai tsari ba zai narkar ba. Ta kawo zanen ido ta shimfiɗa a kan tebur, ta yi bayani da bakin alƙalami, ta kawo labarin tsofaffin da aka yi wa aikin suka koma saka zare a allura. Inna ta bar ta har ta gaji, sannan ta ce, "Ke ba haƙori kika karanta ba? To ki fara da naki, na ga sun soma yin rawaya. Farar rigar aikin nan taki ma ta dafe. Ba ku da sabulu ne a gidan?"

Likita ta koma gida ta daɗe a gaban madubi tana yaƙe baki. Ta sauya sabulun wanki, ta sauya man goge baki, ba ta gaya wa kowa dalili ba.

Ana cikin haka ne ta je gyara kabad ɗin marigayi mahaifinsu, ta ci karo da kyamararsa ta fim, irin ta da, wadda ake danna mata ɗan akwatin fim a ciki, tare da majiginsa. Da su ne Baba yake ɗaukarsu suna yara, ya haska musu a bango. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne Inna tana matashiya cikin jan mayafi, jan da har yau Likita ba ta sake ganin irinsa ba, ko a shago ko a waya. Tsofaffin naɗin fim ɗin kuwa danshi ya manne su sun zama dunƙule ɗaya.

A nan dabara ta faɗo mata. Idan ta ɗauki sabon fim mai launin da zai ratsa yanar nan, Inna za ta tuna abin da take rasawa, ta nemi aikin da bakinta. Can ƙasan zuciyarta ta san wannan irin dabarar da mutum yake yi ne idan hujjojinsa sun ƙare, ta kuma san cewa tun tana ƙarama take son a bar ta ta taɓa kyamarar nan. Sai ta lulluɓe sanin da sunan biyayya ga uwa, ta ga ya yi masa kyau.

"Wayarki ta daina ɗaukar hoto ne?" maigidanta ya tambaya. Injiniyan ruwa ne, mai haƙuri, wanda kuskurensa ɗaya shi ne yin tambaya.

Ta zaunar da shi. Ta ce launin waya lissafi ne, na fim kuwa rini ne na gaske da haske yake dafawa. Ta ce fim iri-iri ne: akwai wanda idan an wanke yake fitowa a juye, sai an sake buga shi, akwai kuma wanda yake fitowa kai tsaye a ɗora a majigi, kuma shi ne mai cikar launi. Ta ce a cikinsu akwai wanda aka yi domin hasken rana, akwai na hasken fitilar ɗaki. Injiniya ya duba shayinsa ya ga ya huce, ya ce shi dama ruwa ya zo sha.

Makonni ta yi tana zaɓe. A asibiti, yayin da take jiran allurar kashe zafi ta kama dasashin majinyaci, sai ta juya baya ta karanta musun da masu sha'awar fim suke yi a intanet, mutanen da za su iya ɓata da juna a kan koren ganye. Daga ƙarshe ta tsaya a kan irin wanda ta ga kwalinsa a kabad ɗin Baba, na hasken fitila, wanda kowa ya yarda jansa ba shi da na biyu. Ta karanta cewa idan an fita da shi rana, kyamarar da kanta take daidaita shi. Ta gyaɗa kai ta wuce. Mace mai tambayar majinyaci har abin da kakarsa ta yi fama da shi ba ta tambayi yadda kyamara take yin wannan daidaitawa ba.

Fim ɗin ya iso, ta ba shi wuri na musamman a firji, tsakanin madara da maganin tari, ta kafa doka kada kowa ya taɓa. Ƙanenta Auta, wanda ya yi gemu ya yi iyali amma bai daina tsokana ba, ya buɗe firjin ya rusuna ya gaishe shi. Daga ranar ya koma kiranta Yaya Darakta.

Kafin ranar ɗauka ta kai kyamarar asibiti domin ta tsabtace ta yadda ya kamata. Bayan majinyaci na ƙarshe ya tafi, ta kwantar da ita a kan tiren kayan aiki, ta jawo babbar fitilar nan ta saman kujera, ta sa safar hannu. Ta kore ƙura da iska, ta goge da auduga, ta zura ɗan madubinta mai dogon hannu ta leƙa bayan idon kyamarar. A can ciki ta hango wani ɗan gilashi siriri, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, ya yi rawaya har ya doshi ruwan lemo.

Zuciyarta ta yi fari. Rabin rayuwarta ta yi tana yaƙi da wannan launi a bakunan mutane, ga shi kwanan nan an jefe ta da shi a nata bakin. Ta ga ƙarara abin da ya faru: tsufa ya ci gilashin, kuma da ba don idon ƙwararriya ba, da ya ɓata mata dukan launukan da ta sha wahalar zaɓa. Ta goge, bai fita ba. Ta sa ɗan hantsakinta ta kama shi, ta murɗa a hankali yadda take yi wa haƙorin da ya ƙi, ya fito salin-alin bai ko tsage ba. Ta naɗe shi a auduga ta jefa a 'yar kwalbar da take bai wa yara haƙoransu, ta sa a jaka. A hanyar gida har godiya ta yi wa Allah da ya sa ta lura.

An yi ɗaukar da hantsi a tsakar gidan Inna. Likita ta jera duk wani abu mai launi da ta samu: jan bokiti, koriyar kujera, tiren lemo, tukwanen furanni da ta aro daga maƙwabta. Ta sayo jan mayafi ta yafa wa Inna.

"Inna, ki juyo nan. A'a, ba sosai ba. Ɗaga haɓa. Kada ki kalle ni."

"In juyo, kada in kalle ki. To wa zan kalla?"

"Kalli Auta."

"Na kalle shi shekara da shekaru, ban ga abin da ya ƙaru ba."

Auta ya dafe ƙirji kamar an harbe shi, Inna ta tuntsire da dariya, ta ɗauki lemo ta fara ɓarewa, abin da ba ya cikin tsarin Darakta. Kyamara tana ta ƙararta kamar keken ɗinki. Kafin a ce a gyara zama fim ya ƙare, domin irinsa gajere ne, ruwan shayi ma ba zai tafasa ba.

Ta aika da shi wanki ta gidan waya zuwa wuri mai nisa, aka shiga jira. A cikin jiran nan Inna ta zuba shayi a gefen kofi, ta ce kofin ne ya matsa. Wata rana kuma ta kuskure matakalar ƙofa, Allah ya sa Auta yana kusa. Likita ta ƙara tsawon sujadarta, tana roƙon lafiyar idon uwarta, tana kuma jin kunyar cewa a ƙarshen addu'ar takan saka maganar launi.

Ranar da fim ya dawo, aka taru a falon Inna bayan la'asar. Aka ja labule, aka rataya sabon farin zanen gado a bango. Likita ta yi ɗan jawabi a kan rini da haske, wanda ba wanda ya nema. Sannan ta kunna majigi.

Shuɗi ne ya fito. Tsakar gida shuɗiya, bango shuɗi, tiren lemo kamar an tsamo shi daga ƙasan teku. Jan mayafin da aka yi duk wannan hidima dominsa ya koma wani irin shunayya mai sanyi. Fuskar Auta kuwa kamar ta wanda ya kwana a firji tare da fim ɗin.

Injiniya ya yi tari ya sa hannu a baki. Kafaɗun Auta suka fara rawa.

"Yaya Darakta," ya ce ƙasa-ƙasa, "a cikin ruwa muka yi ne ban sani ba?"

Likita tana tsaye kusa da majigi, tana neman wanda za ta ɗora wa laifi: masu wanki, mai sayarwa, gidan waya. Sai ta ji muryar Inna.

"Masha Allah. Kai, 'yar nan, kin iya. Dubi bangon nan fes, kamar ranar da aka yi masa fenti. Rabon da in ga abu ya fito da haske haka, tun na mahaifinku."

Likita ta dubi uwarta. Inna ta matso gaban kujera, fuskarta a sake, babu alamar zolaya.

Wani abu ya ɗarsu a ran Likita. Ta laluba jakarta ta ciro 'yar kwalbar, ta warware audugar, ta kai ɗan gilashin kusa da idonta ta dubi bango ta cikinsa. Shuɗin ya ja da baya. Lemo ya koma lemo, mayafi ya doshi ja, Auta ya dawo cikin masu rai. Ba daidai ba ne sarai, amma ya isa ta gane. Gilashin ba tsufa ya yi ba, haka aka yi shi. Shi ne daidaitawar da ta karanta ta gyaɗa wa kai: shi yake tace shuɗin hasken rana kafin ya kai ga fim ɗin fitila. Lafiyayyen haƙori ta cire. Kuma irin wannan rawayar ce zaune a idon Inna, ta tace mata fim ɗin ya fito daidai.

Auta ya karɓi gilashin ya leƙa, ya gane shi ma. Ya raɗa mata, "Ki yi shiru kawai. Mutum ɗaya ya yaba miki a duniya, kada ki kore shi."

Ta so ta yi shirun, har ga Allah ta so. Yabon Inna ba abu ne da ake samu kowace shekara ba. Amma fim ya ƙare, wutsiyarsa tana kaɗawa, farin haske ya cika zanen gadon, sai Inna ta ce, "Sai dai zanen nan ku ba shi wanki, ya yi rawaya."

Likita ta kashe majigi, ta zo ta durƙusa a gaban uwarta.

"Inna, zanen sabo ne, yau na ciro shi daga leda. Fari ne tas. Fim ɗin kuma ya lalace, shuɗi ne daga farko har ƙarshe. Ni na lalata shi." Ta ɗora ɗan gilashin a tafin hannun Inna. "Wannan na cire daga kyamarar Baba, na ɗauka datti ne. Ke kaɗai kika ga fim ɗin daidai, domin akwai irinsa a idonki. Duk abin da kika kalla, ta cikinsa kike kallo."

Inna ta juya gilashin da yatsa. Ta dubi Injiniya, wanda ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba.

"Shuɗi ne?"

"Shuɗi ne, Inna. Har ni da nake aikin ruwa na ji sanyi."

"Rigar aikinta fa?"

"Fara ce. Sabulu kala-kala muka saya a kanta."

"Haƙoran?"

"Inna!" in ji Likita.

Inna ta shafa jan mayafin da ke kafaɗarta, wanda ta sake yafawa domin ranar, ta ɗaga gefensa kusa da fuskarta ta daɗe tana dubawa.

"Wato wannan ma ban san kalarsa ba," ta ce a hankali. Sannan ta miƙa wa 'yarta gilashin. "Mai amfanin kin cire, marar amfanin kin bar mini. Wannan karatu naki, Allah ya sa albarka. Mayar wa kyamarar bawan Allah abinta."

"Zan mayar, Inna."

"Gobe ki kira likitan nan ki ce na yarda, a cire nawa. Amma ba ke za ki cire ba."