Magunan da Ba Su da Kai

Ni Najiba ba na fara abu in bar shi a hanya, kowa a unguwarmu ta Birik ya san haka. Shi ya sa ranar da na ce sai na mayar da Baba bakin allon eshek, darar nan ta Turawa mai sarki da sarauniya, ko a jikina ban ji wai zai gagara ba.

Babana Gwadabe tela ne, shekara arba'in yana ɗinki a layinmu. Kullum bayan la'asar yakan fito da benci ƙofar shago su buga eshek da amininsa Alhaji Garga, mahauci, mutumin garin Garwa. Sai ciwon suga ya cinye masa ido. Sau ɗaya ya gwada wasa bayan nan, hannunsa ya share rabin allon, 'ya'yan wasa suka watse har cikin kwata, wasu 'yan kallo suka yi dariya. Tun ranar bai sake zama a waje ba. Daga masallaci sai ɗaki, shi da magensa Minu a cinya. Abin yana ci mini rai matuƙa. Ga shi kuma Alhaji Garga ya bar wa 'ya'yansa rumfa, ƙarshen wata zai koma Garwa gaba ɗaya.

A bayan shagon nake da injina, wanda yake narka zaren roba yana jera shi layi bisa layi har abu ya tashi. Da shi nake yi wa teloli maɓallai da ƙananan kayan keken ɗinki. Na ce to, hannun Baba ba abin da ya sani yanzu kamar mage, bari in yi masa 'ya'yan eshek duka maguna. Kowace na yi mata ƙusa a gindi, allon kuma na huda masa ramuka, yadda ko mangare shi aka yi ba abin da zai faɗi. Fararen na goge su sumul kamar shadda, baƙaƙen na bar su da kaushinsu kamar saƙi, tunda tela da yatsa yake gane yadi.

Sati biyu na yi a kai. An ɗauke wuta sau uku ana tsakiyar aiki, sarauniya ɗaya ta fito rabi, na zazzagi wanda ban gani ba na sake. Amma fa sun yi kyau, ba yabon kai ba. Muzuru da rawani shi ne sarki, sarauniya da ɗan kunne, har gashin baki na fitar musu. Na hau taksi na je unguwar Tsinga da kaina na gaya wa Alhaji Garga ya zo ranar Juma'a, kuma ya zo da shirin shan kashi.

Ranar Laraba da hantsi na kai wa Baba sarkin na sa masa a tafin hannu. Ya shafa bayan, ya yi murmushi. Yatsansa suka hau sama suka sami kunne, suka sami ido, suka sami hanci. Sai ya ajiye shi a tabarma ya goge hannu a rigarsa.

"Najiba, gunki kika kawo mini gida?"

Wallahi sai da na ji kamar in nutse. Ni da na tashi a shagon nan! Mutum-mutumin da muke rataya wa riga, Baba da hannunsa ya yanke masa kai da zarto ranar da aka kawo shi. Ko dawakin tsohon allonsa sai da ya goge musu fuska da magagari kafin ya yarda ya taɓa su. Abin da kowane tela a unguwa ya sani, ni gwanar inji na manta, na zauna ina ƙawata gashin baki.

Kunya ta juye ta zama fushi. Na ce masa ai wasa ne, ba wanda zai yi wa magen roba sujada. Ya ce ya sani, amma shi abu mai rai da kai a tsaye ba zai kwana a ɗakinsa ba, in kwashe. Na kwashe ina gunaguni, na banko ƙofa har Minu ta firgita.

Na ɗauki wuƙa na gwada fille wa soja ɗaya kai. Abin ya fito kamar abin da aka tsinto a rumfar Alhaji Garga. Kuma duk bambancinsu a kai na zuba shi, in an cire ba mai gane sarki da bawa. Na zauna ina hararar injin kamar shi ya yi mini laifi.

Minu ce ta shigo, don tana son ɗumin wurin. Ta hau tebur ta naɗe, ta cusa kai can ƙarƙashin ciki. Na duba ta ko'ina, ba ido ba kunne, dunƙule ne kawai sai jela tana ɗan motsi. Na ce yawwa, 'yar albarka.

Na aika wa Alhaji Garga cewa an ɗaga zuwa wata Juma'ar, kwana biyu kafin tafiyarsa. Ya ce shi dai ya ga alama tsoronsa ake ji. Na sake zane tun daga tushe. Kowace mage a naɗe take tana barci, ba kai ko alamarsa, magana duk ta koma jela. Ta sarki a miƙe kamar sanda, ta sarauniya ta yi lanƙwasa biyu, ta doki ta karye gefe daidai yadda yake tafiya a allo. Sojoji guntayen jela na ba su. Kwana takwas injin bai huta ba, ni ma haka, maɓallan mutane kuwa na ce su yi haƙuri.

Wannan karon ban yi surutu ba, na dai sa masa ɗaya a hannu. Ya juya ta, ya sake juyawa, yana lalube.

"Ina kan?"

"Barci take, Baba. Ta ɓoye shi."

"Ke dai faɗi gaskiya, ba ta da shi."

"Ba ta da shi."

Yatsansa ya bi jelar har inda ta karye. Sai ya ce wannan doki ne. Ban gaya masa ba, shi ya gane.

Ranar Juma'a bayan la'asar na fitar da benci. Baba ya fito riƙe da kafaɗata, ya zauna, maƙwabta suka fara taruwa. Na zare musu ido ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya kuskura ya yi dariya yau zai san ni. Suka fara, kowa yana faɗin inda ya kai ɗansa, hannun Baba yana yawo a kan jeloli, ba abin da ya faɗi.

Can sai na ga Alhaji Garga ya ɗauki sarauniyarsa ya ajiye ta a bakin dokin Baba, a banza, yana kallon gefe. Baba ya shafa ya same ta. Fuskarsa ta canja.

"Garga, mayar da ita inda take. Shekara talatin ban taɓa karɓar sadaka a hannunka ba."

Alhaji Garga ya mayar, kunya ta kama shi, ya gyara zama ya yi wasa na gaske. Ya cinye Baba tas, ba tausayi. Na ce a raina shi ke nan, an koma ɗaki.

Baba ya tattara magunansa baƙaƙe masu kaushi ya fara cusa su a ramukansu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce da Alhaji Garga ya jera nasa, kuma maganar Garwa a bar ta tukuna, ba inda za shi da wannan cin. Sannan ya juyo wajen da yake jin numfashina.

"Najiba, bencin nan kada a shigar da shi."