Yatsun Nabeshima

Masu jifa sun fi ɗari biyu da suka hau tudun jifa na filin besbol ɗin nan, wasan jifan ƙwallo da dukanta da kulki, a gaban idona. Koci goma sha ɗaya aka kora, ni ina nan da manjagarata ina gyaran ƙasa. Ban san ƙofar aji ba, amma idan na ce Nabeshima Kiyoto ya iya jifa, to a rubuta.

A jami'a aka ƙera shi. Kocinsu, wani gajeren tsoho mai suna Obata, ya kama hannunsa ranar farko yana juyawa kamar mai sayen kifi.

"Ƙarfi kam ba ka da shi," in ji Obata. "Sai dai yatsu kamar na biri. Buɗe su."

Ya cusa masa kwalba tsakanin manuni da ɗan tsakiya, ya ɗaure da tsumma. Da ita yake zuwa aji, da ita yake cin shinkafa. Bayan haka jifa ɗari uku kullum, babu wanda ya isa ya ce kafaɗa na ciwo. Shekara huɗu aka yi, yatsun suka wage, ƙwallo ta koyi abin da ake so: ta taho sak kamar za ta miƙa wuya, sai mai duka ya kai kulki ta nutse ƙasa, ya doki iska.

Da wannan jifan ƙungiyarmu ta ƙwararru ta ɗauke shi, ta ba shi riga mai lamba sha tara. Shekara shida yana sa manyan ƙarti suna juyi a kan dunduniya. A ta bakwai kafaɗar ta ce ta gaji. Watan Oktoba aka buga masa waya aka ce ya zo ofis da kwat. Kowa ya san ma'anar kwat.

Manaja ya sunkuyar da kai ƙasa sosai kafin ya yi magana.

"Babu kai a baɗi, Nabeshima. Amma muna neman mai jifan atisaye. In kana so."

Matarsa Fumie tana da ciki wata bakwai, shi kuma bai san wata sana'a ba. Ya karɓa. Aka ba shi lamba ɗari da huɗu, irin wadda 'yan kallo ba sa dubawa.

Aikin ba wuya a baki. Kullum minti ashirin, ka jefa wa 'yan ƙungiyarku ƙwallo a tsakiya, mai laushi, su doka su ji daɗi kafin wasa. Matsalar ita ce hannun Nabeshima bai san wannan ba. Ya jefa uku sak, ta huɗu ta nutse da kanta.

Wanda abin ya fi ci wa rai Segawa ne, babban mai dukan ƙungiya. Shi ma ɗan jami'ar Obata ne, yana bayan Nabeshima da shekara biyu, ya sha wanke masa safa. Saboda haka bakinsa ba zai iya ce wa na gaba da shi ya yi kuskure ba. Da ya doki iska sau uku sai ya cire hula, ya rusuna.

"Na gode, yaya. Bari in je wajen injin jifa in ɗan motsa."

Mai duka ya bar mutum ya koma wa inji, babu zagin da ya kai wannan a filin. Tsoho Murota mai cafke ƙwallo ya yi ƙoƙarin mai da abin raha.

"Sha tara, an gaya maka kuwa waɗannan namu ne? Tausaya musu, suna da iyali."

"Ba ni nake yi ba, baba. Ita take sauka."

"To roƙe ta. Manaja ya ba ka zuwa ƙarshen wata."

Ranar hutu Nabeshima ya hau jirgin ƙasa ya je wurin Obata, wanda ya yi ritaya yana noman albasa a bayan gida. Ya durƙusa ya miƙa masa hannun.

"Malam, abin da ka sa a nan, cire min."

Obata ya daɗe yana kallon yatsun. Sannan ya goge hannunsa a wando.

"Sawa na iya. Babu wanda ya taɓa zuwa ya ce in cire."

Fumie ce ta samo dabara. Ta haɗa yatsun biyu ta naɗe da filasta, tam, har suka yi fari. Da ita yake yini. Safiya da yamma yana jifan bangon bayan fili, ɗari uku kullum, don shi ne kawai lissafin da ya sani. Duk wadda ta nutse, ya sake.

Saura kwana biyu wata ya ƙare, ya je ya tsaya gaban Segawa, shi babba, ya cire hula.

"Ka gwada ni sau ɗaya."

Segawa ya rasa inda zai sa idonsa. Ya shiga ragar da masu duka ke atisaye.

Ta farko ta tafi sak, Segawa ya doke ta, ta tashi ta faɗa kujerun 'yan kallo. Ta biyu haka. Goma sha huɗu Segawa ya tsallakar da katanga a minti ashirin ɗin nan, ko ɗaya Nabeshima bai juya ya bi ta da kallo ba. 'Yan wasa suka yi tafi. Segawa ya fito yana haki, fuska fal murna.

"Yaya, yau jifanka akwai daɗin duka."

"Na gode," in ji Nabeshima.

Aiki ya tabbata. Da aka watse ina share tudu, sai ya warware filastar ya ce da Murota ya tsuguna.

"Guda ɗaya, baba. Tawa ta da."

Ya wage yatsu, ya cusa ƙwallo, ya saki. Ta tafi sak ta shige safar hannun Murota, ba ta nutse ba. Ya sake. Sak. Murota ya miƙe a hankali, bai yi raha ba.

"Gobe ƙarfe biyu," ya ce.

Nabeshima ya sauko, ya rusuna wa tudun, ya ce min in yi haƙuri ya ɓata min ƙasa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana wannan aiki, kuma masu duka rububinsa suke yi.